Kwamitin da Kowa Ɗan'uwa Ne

Abubuwa da yawa sun shige mini a shekarun da na yi ina koyarwa, amma zaman kwamitin nan na kwalejinmu, ko tsufa ya rikita ni ba zai fita daga kaina ba. Ƙaramar kwaleji ce ta horar da ma'aikatan lafiya a wajen Koki. Wata ɗalibar ajin ƙarshe ta kai kuka cewa wani malami ya matsa mata da saƙonnin banza a waya, har ya ce in ba ta ba shi haɗin kai ba, ta manta da cin jarrabawarsa. Jarrabawar kuwa ta ƙarato, ga shi yarinyar ta daina shiga aji. In ba a saurare ta da wuri ba, karatunta ya tafi ke nan.

Aka kafa kwamiti, aka saka ni a ciki, aka kuma gayyato wata Barista ta nuna mana yadda doka ta ce a yi. 'Yar siririya ce mai gilashi, amma bakinta kamar reza. Ko zama ba mu gyara ba shugaban kwamitin, wani dattijo ɗan Shahuci, ya ce, "To, a shigo da mai laifin." Ta ɗaga hannu. "Alhaji, babu mai laifi tukuna. Akwai mai koke, akwai wanda ake zargi, kuma sai an ji ta bakin kowannensu." Daga nan ta shiga bayanin sirri, cewa duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ko miji ba a gaya wa. Malamar da ke kusa da ni, wadda ta riga ta ba rabin unguwarsu labari, ta hau gyaran mayafi.

Sannan Barista ta ce akwai abin da suke kira conflict of interest, wato alaƙar da za ta iya sa mutum son kai a hukunci, don haka duk mai alaƙa da ɗaya daga cikin mutanen biyu ya faɗa. A nan aka yi ta. Wanda bai san mutanen cikin gari ba ne zai ce su lissafo dangi, don a wurinsu wannan gasa ce. Shugaba ya gyara babbar riga ya ce ai shi ya karɓar wa uban malamin aure. Malamin lissafi ya ce wannan ai ƙarama ce, shi a zauren kakan malamin ya sauke Alƙur'ani. Mai mayafi ta ce ƙanwarta na aure a gidansu, kuma uwar ɗalibar ƙawar yayarta ce, ita ta ko'ina ta shiga. Har musu ya so ya kaure a kan wanda ya fi kusa. Barista ta bari suka gama tsaf, ta ce, "Madalla. Duk ku sauka daga kwamitin." Shugaba ya saki baki yana kallonta.

Ni kaɗai na rage. Kakana makiyayi ne da ya sayar da shanunsa ya zauna a Gwammaja, kuma shekara da shekaru abokan aikin nan suna tsokanata da 'yar Fillo baƙuwa. Ranar na ji daɗin baƙuntar nan har cikin raina. Shugaba ya yi ƙoƙari na ƙarshe, ya ce, "Barista, tunda duk gida ne, a je zaure a sasanta, a rufa wa juna asiri." Ta ce koke irin wannan ba a binne shi a zaure.

Washegari da yamma sai ga gwaggon malamin a gidana da kwanon alkaki. Bayan doguwar gaisuwa ta kama hannuna. "'Yar nan, ba ki san ni ba? Kakarki ce fa ke kawo mana nono tun ina yarinya. In wannan ba zumunci ba ne, mene ne? Ai ke ma sai ki sauka." Na ce, "Hajiya, Allah ya ji ƙanta, amma ai sayarwa take yi." Ta tafi tana cewa 'ya'yan zamani ba su san dangi ba. Da na kira Barista ta ce sunan wannan katsalandan a cikin bincike, in sanar da hukumar makaranta, alkakin kuma ya koma inda ya fito. Ina leƙawa na tarar yarana sun cinye rabi. Sai da na aika aka sayo wani aka cike kwanon.

Aka ɗauko malamai daga wata makarantar da ba su san kowa ba, muka zauna. Malamin ya kare kansa, aka duba saƙonnin, aka ji shaidu. Ɗalibar kuma da ta shigo, ta kalli fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Malama, ba yau na fara faɗa ba. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ɗan'uwa ne, in yi haƙuri." Duk dariyar da nake yi wa zaman farko ta ɗauke, kunya ta kama ni.

An sallami malamin, ita kuma ta zauna jarrabawarta ta ci. Har yau ina son zumuncin cikin gari, shi ke riƙe mu ranar biki da ranar mutuwa. Amma na koyi cewa in yarinya ta zo da kuka irin wannan, babban taimakon da ɗan'uwa zai yi mata shi ne ya tashi daga kujerar, ya bar wanda zai saurare ta.