Muryar Kaka a Gindin Turmi

Abin da na fara gani da na shiga gidan kakata a Bambeye shi ne wata baƙar waya da ta fito daga ɗakin baƙi, ta ratsa tsakar gida, ta ƙare a gindin turmi. An ɗaure bakinta a jikin turmin da tsumma. Lokacin ina aji biyu na kwaleji a Tawa, an turo ni hutu.

Aikin kawuna ne, ƙanen Inna mahaifiyata, da ya zo daga Yamai da ordinater, wato kwamfuta, da na'urar naɗar sauti. Kiɗa yake yi, in ji shi, amma ba ganga ba garaya. Yakan naɗi kukan igiya a bakin rijiya, da hakin jaki, da ƙarar keken ɗinki, ya yayyanka su ya jera. Wanda ya kunna mana kamar rediyon da ruwa ya shiga. Ya ce komai na duniya a haɗe yake, mai kunne kaɗai ke ji. Kaka ta tambaye shi ko a Yamai babu masu gyaran rediyo.

Lugude yake so ya naɗa. Mu uku ne a turmi ɗaya: matar babban kawu, da maƙwabciya, da ni da ban ƙware ba. Kaka ta daina ɗaga taɓarya tuntuni. Zama take yi a tabarma tana tsintar wake, bakinta bai hutawa. Tana zagin kaji, tana ba da labarin shekarar da rijiyar gari ta ƙafe, tana ce mini 'yar birni mai laushin hannu. Kowace magana tana rufe ta da "to". Ranar farko haka aka naɗa, da surutunta duka. Kaka ba ta yarda da hoto, in aka miƙa mata waya kuma shiru take yi. Muryarta ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan naɗin.

Kawu ya saurara, ya ce datti ya yi yawa. Muryar Kaka yake nufi.

Washegari ya roƙi kowa ya yi shiru. Kaka ta tsuke baki, ta juya mana baya. Muka fara daka. Ba a yi nisa ba taɓaryata ta bugi ta maƙwabciya, gero ya watse, kaji suka taso. Aka sake. Sau huɗu ana sakewa, rana ta take, hura ba ta samu ba, tafina ya yi kanta. Shi kuwa yana tsugune da abin saurare a kunne, yana mamakin yadda matan ƙauye suka manta lugude.

Ni na san dalili. A kan "to" ɗin Kaka nake sakin taɓarya, sauran biyun kuma suna bin numfashina. Mutumin da ke cewa komai a haɗe yake, ga haɗin a gabansa ya sa an yanke. Na ƙulla maganar a raina kwana biyu. In na doso shi sai in tarar ina kallon yatsun ƙafata.

Ranar da zai tafi kasuwar Barmu naɗar kukan raƙuma, na ji yana gaya wa matar babban kawu cewa na'urar ta cika, zai goge na ranar farko tunda ba shi da amfani. Yana zaune a ƙofar ɗaki, ordinater a cinya. Na ajiye ƙwaryar da ke hannuna na je na durƙusa gabansa. Sai da ya cire abin kunnen ya gan ni.

"Ɗiyata, ashe kina magana? Mi ya faru?"

Na ce, "Kawu, don Allah kar ka goge mai dattin. Ka sa mini shi a wayar Inna yadda yake, kar ka yanke ko tari ɗaya."