Ƙwarangwal ɗin da Ya Ja Mini Zargi

A lokacin ina sabuwar malamar kimiyya, 'yar Kebbe, a wata makarantar kuɗi da ke Tambuwal. Wata Hajiya ce, tsohuwar malamar firamare, ta kafa ta a zauren gidanta da yaran maƙwabta. Kafin in zo har ta yi azuzuwa, da rijiyar burtsatse, da sola, da ɗakin karatu, maza da mata aji ɗaya, kowa da ɓangarensa. Dama tun farko akwai waɗanda wannan haɗin bai kwanta musu ba.

Da aka gina ɗakin gwaje-gwaje, Hajiya ta sayo ƙwarangwal na roba daga Sakkwato don koyar da sassan jiki. Ni ke riƙe da mabuɗi, kullum ɗakin a rufe saboda sinadarai masu ƙuna. Wata rana wata ɗalibata 'yar Sanyinna ta leƙa ta taga, ta ga ƙwarangwal ɗin tsaye, ta yanke jiki ta faɗi. Kafin la'asar magana ta kai kasuwa, wai ƙasusuwan mutane muke ajiyewa, shi ya sa makarantar ke bunƙasa.

Sai gaisuwa ta canja. Mai babur ɗin da ya saba ɗaukata ya ce mansa ya ƙare, ina tsaye ya ɗauki wani. Tsohuwar da nike haya a gidanta ta hana jikokinta shiga ɗakina. Kawuna ya taso takanas daga Fakku, ya zaunar da ni, ya ce in ji tsoron Allah in gaya mai ƙashin wa ne. Wannan tambayar ta fi komai yi mini ciwo. Ni ma na koma zargin kowa, har abokan aikina, ina neman mai rura maganar.

Hajiya ta gayyato limamin unguwa da iyaye. Liman ya ƙwanƙwasa haƙarƙarin, ya cire hannun ya mayar, ya ce roba ce irin ta bokiti. Aka yi dariya, wasu suka ba ni haƙuri. Amma mahaifin yarinyar bai zo ba, bai kuma maido ta makaranta ba. Ita ce ke ce mini tana son zama ungozoma a garinsu.

Da mun kira iyaye ranar da kayan suka iso, da ba a kai nan ba. Malamai 'yan'uwana, duk abin da kuka kawo makaranta, ku fara nuna wa masu 'ya'ya. Ku kuma iyaye, in kun ji magana, ku taka ku gani da idonku kafin ku cire yaro. Har yau in zan koyar da ƙasusuwa, kujerar yarinyar nan nike fara kallo.