Tulunan Gwaggo Abu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wani direban motar albasa ne ya same ni a bakin ƙofar da nake gadi a Agege, ya ce Gwaggo Abu ta Bodinga ta rasu, har an yi sadakar bakwai. Ban gama salati ba ya miƙo mini takarda daga yayana, Alhaji Ladan. Layi biyu na ta'aziyya, sauran duka a kan lambunta na bayan gida: tunda ba ta bar ɗa ba, mu biyu ne magada, in sa hannu a sare itatuwan ya gina sito na takin zamani.

Ba zan ce Gwaggo mai sanyin hali ce ba. Ita ta riƙe ni bayan mutuwar mahaifinmu, kuma na sha zafin harshenta. Amma ban taɓa ganin ta zubar da abu a banza ba. Tsarin da aka wanke gero da shi, rabi na awaki, rabi na zogale. Tokar murhu tana barbaɗa ta a gindin barkono. Kashin kaji kuwa sai ya yi wata a rami da ɓawon gyaɗa kafin ya taɓa shuka. "Ɗanye ƙona saiwa shikai," in ji ta.

Duk matar da tulunta ya tsage a unguwa, Gwaggo za ta je ta karɓo. Ta binne shi har wuya kusa da lemo, ta cika da ruwan alwala, ta rufe da murfi. Ruwan ya yi ta tsatsafowa a ƙasa kwana uku, rana ba ta sha ko ɗigo ba. Mata suna dariya, suna kiran ta mai tara shara. Sai ta ce, "Ku yi ta dariya, bazara na nan tahe."

Ni ma ina da laifina. Lokacin da nake aiki a asibitin garin Shagari, na zo hutu, na juye ruwan wankin rigata, mai garin sabulu, a tulu guda. Lemon ya bushe. Ta dube ni ta ce, "Kai da anka kai boko, mi ta yi maka wagga itaciya?" Wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Ta yi tsanani, kuma tana da gaskiya.

Da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, aka sallame mu daga aiki, taki ya koma hannun 'yan jam'iyya. Gwaggo ta je wurin Alhaji Ladan, wanda yake ɗaya daga cikinsu, neman taki kwano guda, ba buhu ba. Ya ce, "Haba Gwaggo, ke da ad da toka?" Mutanen zaurensa suka kwashe da dariya. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, iyalin wannan Alhajin daga zogalenta suka yi kwaɗo. Ba ta hana su ba, ba ta kuma fasa yi musu gori ba.

Yaya, ga amsata a gaban jama'a: ba zan sa hannu ba. A kira malamai su raba gado yadda shari'a ta ce. Kasonka ka yi yadda ka ga dama da shi, haƙƙinka ne. Nawa na bar wa Hajo maƙwabciyarta, wadda ta yi ta cika tulunan nan tun da ƙafafun Gwaggo suka gaza, alhali ni ina nan ina tsaron ƙofar wani.

Allah ya jiƙan Gwaggo Abu, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sa kowace inuwa da ta dasa ta zama sadaka mai gudana. Mu da ta bari, ni da yayana, Allah ya ba mu haƙuri, ya shirye mu, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.