Ranar da Malam Shu'ibu ya tare jirgi

Shekara ashirin da shida Malam Shu'ibu ya yi yana kula da tashar jirgin ƙasa ta Tudun Mala, wata 'yar ƙaramar tasha a kan layin da ya taso daga Kano ya nufi Nguru. Ɗaki ɗaya ce da rumfar kwano. Jirgi ba ya wuce minti biyar a nan: a loda buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi, ya yi gaba zuwa Birniwa. Daga baya zuwan nasa ya yi ta ja baya, har aka yi wata bakwai ba a ji ƙararsa ba.

A damunar da kogin Haɗejiya ya cika ya tumbatsa, ruwa ya ci ƙauyukan fadama. Mutane suka fito a kwalekwale, ba su sami busasshen wuri ba sai tudun da aka shimfiɗa layin dogo a kai. Nan suka kafa bukkokin leda, tun daga tasha har bakin gadar yamma. An ɗaure awaki a jikin ƙarfen layin, tsofaffi na kwance a tsakiyar layi.

Ran wata Laraba da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Abokin aikinsa ne daga tashar da ke yamma da su.

"Shu'ibu, kan jirgi ya bar nan yanzu, masu duba layi ne. Ka..."

Waya ta katse. Malam Shu'ibu ya kira sau uku, ba sabis.

Ya fito yana ihu a sauka daga kan layi. 'Yar'azumi, wata mai tuyar ƙosai da tsohuwarta ke kwance ba ta iya tashi, ta dube shi.

"Baba, mu sauka ina? Hagu ruwa, dama ruwa."

Ya ɗauko jar tuta ya nufi gada, don bayanta akwai kwana, direba ba zai hango kowa ba sai ya zo kansu.

Malam Shu'ibu bai iya ruwa ba, ga shekara sittin a kansa. Tsakanin kowane katako da katako na gadar, jan ruwa ne ke gudu yana jan karan dawa da matattun kaji. Jiri ya ɗebe shi. Ya durƙusa ya saka tutar a baki, ya yi ta rarrafe yana salati a zuci. Bai gama hayewa ba ya ji ƙarfen yana rawa a tafin hannunsa.

Ya miƙe da gudu har ya wuce kwanar, ya tsaya a tsakiyar layi yana kaɗa tuta. Jirgi ya ɓullo yana ƙara girma. Ya rufe ido. Birki ya yi wata ƙara mai tsawo, sannan zafin inji ya buge shi a fuska.

Direba ya sauko da faɗa, amma da Malam Shu'ibu ya ja shi zuwa kwanar ya nuna masa bukkoki a hayin gada, sai ya dafe kai ya ce, "Innalillahi!"

A kwalekwale aka mayar da Malam Shu'ibu tasha, ya kwana uku yana zazzaɓi. Mutanen sun ƙara kwana goma sha tara a wurin kafin ruwa ya janye su koma gidajensu, ba wanda ya ji ko ƙwarzane.