Ranar da Kaka Ta Lulluɓe Tukunyar Gas

Safiyar Asabar ce, ranar sunan ƙanena Mutawakkilu, a shekarar da na shiga aji shida. Gidanmu na Kpangalam a Sokode ya cika, mata na ta tsince shinkafa a tsakar gida, mu 'yan mata muna jido ruwa daga rijiya, muna satar wasan carafke a bayan ɗakin girki. A tsakiyar wannan hidima aka girke tukunyar gas ɗin da Baba ya sayo daga Lome, fes da ita kamar amarya. Baba ya hana a sayi ko ƙwarar itace. Dangin Inna za su zo daga Dapaong, yana so su ga gidan da 'yarsu take ba a hura wuta da baki.

Aka ɗora ƙatuwar tukunyar shinkafa, aka buɗe wuta har ƙarshe. Ba a yi nisa ba tukunyar gas ɗin ta fara gumi, gumin ya koma fari-fari kamar gishiri, wutar kuma ta riƙa lanƙwashewa. Kaka, mahaifiyar Baba, ta taɓa ta, ta janye hannu. "Baiwar Allah, sanyi take ji," in ji ta. A wurin Kaka duk abin da jikinsa ya yi sanyi, jariri ne ko ɗan akuya, bargo ne maganinsa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko jan bargonta, ta naɗe ta tsaf, har da ɗaurin ɗankwali a wuya.

Ni kuwa na san maganin. Hutun da ya wuce na yi shi a Dapaong wajen Gwaggo Sa'a, yayar Inna mai sayar da abinci a tasha, na ga in tata ta yi haka, a bahon ruwa take tsoma ta. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau biyu. Kaka ta ce, "Mai jin sanyi za ki yi wa wanka? Abin da ake koya muku a makarantar ke nan?" Aka kore ni daka yaji. Ina daka ina kallon wutar tana ƙanƙancewa, shinkafa ta tsaya ba ɗanya ba, ba dafaffiya ba, Inna daga ɗakin jego tana tambaya ko an sauke. Baba sai kai-komo yake a ƙofar gida. Kaka ta ƙara zani a kan bargon.

Azahar ta kusa motar Dapaong ta tsaya. Gwaggo na shigowa, ko mayafi ba ta ajiye ba, ta yaye bargon, ta sa aka kawo baho da ruwan da rana ta ɗumama, ta tsoma tukunyar. Wuta ta miƙe shuɗiya. Gida ya ɗauki yabo, wai kan mutanen Dapaong na ja. Baba ya sha kunyar da yake gudu, a gaban mutanen da ya so ya burge. Ni kuma Kaka ta dube ni ta ce, "Ke da kika zauna wurinta wata biyu, ko wannan ba ki koyo ba?"

Da na girma na yi Kumasi, na yi Wagadugu, na yi Kano da Jidda, ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Sai bara 'yata mai karatun kimiyya ta warware mini: gas ɗin a matse yake ciki kamar ruwa, kafin ya saki jiki ya fito sai ya ci zafi, to zafin jikin tukunyar yake zuƙa, ita kuma ta aro daga iska. Bargon Kaka hanyar aron ya toshe. Yanzu kowane gida da tukunyarsa, ba mai ko kallonta in ta yi gumi. Bargon yana nan a akwatina, ya ƙoƙe. Ni ce da gaskiya a ranar, amma tun da Kaka ta rasu ba wanda ya sake taɓa goshina ya ce ina jin sanyi.