Maƙerin da Ya Ƙi Narka Zinariya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Malam Illiassou, maƙerin zinariya na unguwar Goutte d'Or, ya amsa kiran Ubangijinsa a Paris bayan doguwar jinya.

Malam, da faɗa muka san juna. Na kawo maka sulen zinariya da marigayi mijina ya bari, na ce ka narka shi ka yi wa 'yata Widad 'yan kunne. Ka juya shi a tafin hannu, ka ce, "Hajiya, wannan ba ya shiga wutata. A Lyon Rumawa suka buga shi, zamanin sarkinsu Ogustus, shekara dubu biyu ke nan." Na ce ban zo karatun tarihi ba. Ka ce to in nemi wani maƙerin.

Widad tana tsaye tana ji. Daga ranar ta liƙe wa shagonka. Sulallan Rumawa bakwai ka tara a rayuwarka, ba ka taɓa sayen wanda ba shi da takarda ba, domin ka ce kayan sata ba ya zama halal don ya tsufa. Ka koya mata gane na jabu da nauyi, ka nuna mata yadda sarki ke sa a buga hoton bijimi mai kaho a ƙarfe don talaka ya san ƙarfinsa.

Ni likita nake so ta zama, ita kuwa ta bi karatun tarihi. Shekara biyu ba na amsa gaisuwarka. Na yi kuskure, kuma uwar da ba ta iya faɗin haka ba ta cancanci a ji maganarta ba.

A Disamba, ciwo yana cinka, ka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ranar da Widad ta kare digirinta na uku a kan sulallan zinariyar da Rumawa suka buga a garin. Da ta ambaci sunanka, malamanta suka miƙe maka tsaye, kai da ba ka taɓa zama a aji ba. Ka waiwayo ka ce, "Hajiya, yau ko kin yi faɗa ba na ji."

Ban yi ba, Malam. Guɗa na yi.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Matarka Hajiya Zouera da ɗanka Kamal, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Amin.