Yadda Aka Shanya Mini Falsafa a Tamfol

A unguwarmu da ke gefen Kura kowa shinkafa yake tarawa, ni kuwa littattafai na tara. Tun ina koyarwa a firamare, duk shigata Kano sai na dawo da ɗaya: tarihin Masar ta dā, falsafar Girkawa, siyasar daulolin da suka shuɗe, sharhin waƙoƙi, tafsiri. Akwai wanda don kaurinsa, in ya faɗo wa akuya sai dai a nemo wuƙa. Burina ɗaya ne, in na ajiye alli in zauna in karance su a tsanake, don yawancinsu leƙa su kawai na yi.

Shekarar da na yi ritaya na raka mahaifiyata asibiti a birni. Muna can ciyawa ta toshe kanal ɗin ban-ruwa da ke bayan gidanmu, ruwa ya ɓalle. Bai shiga ɗakin kowa ba sai nawa, kamar shi ma karatun ya zo yi.

Da na dawo, tun daga bakin hanya na hango filin shanya ya yi fari fat. Na ce a raina, wace irin shinkafa ce wannan, tun ba a kai ta inji ba ta yi haske? Ina matsawa na ga ƙanena, wanda duk yankin ba wanda ya kai shi iya shanya, riƙe da manjagara yana jan layi a kan tamfol. Takardun littattafaina yake ja.

"Yaya, sannu da zuwa! Ya jikin Inna? Kwantar da hankalinka, mun ceto su."

"Ina bangwayen?"

"Ai mun ɓalle. Shanya ba ta son kauri, Yaya. In ka bar su a dunƙule cikin zai ruɓe. Sai an baza, ana juyawa."

Matata ta fito tana fara'a. "Malam, ka gode wa ƙaninka. Jiya ko gona bai je ba. Har maƙwabta sun taya mu juyi da ƙafa."

Na duƙa na ɗauki shafi guda. Wani sarkin Rum ne, da sawun silifa a fuskarsa.

Littattafai masu rubutun Larabci kam ba wanda ya taɓa su da manjagara. An jera su a inuwa bisa tabarma, ana buɗa su ganye-ganye da alwala. Sun tsira lafiya lau, na kuma gode Allah. Sai dai rabinsu waƙoƙin soyayya ne da rigimar sarauta, alhali a kan tamfol akwai sharhin addini a rubutun boko wanda ya sha tattaka. Ban faɗa musu ba. Da na faɗa, da ƙanena bai ƙara barci ba.

Da la'asar suka tattara takardun kamar yadda ake tattara shinkafa shanshera, suka ɗura a buhu, suka ɗinke baki. Ƙanena ya daki buhun ya ce, "Ji ƙara! Sun bushe ƙayau." Ya tsaya yana kallona. Na ce Allah ya saka da alheri. Tunda nake ban taɓa faɗin kalma mai ɗaci kamarta ba, kuma na taɓa shan maɗaci a kan gardama.

Na yi wata da watanni ina ƙoƙarin mayar da kowane shafi gidansa. Ruwa ya cinye lambobin ƙasa, wasu sun manne, wasu iska ta kai su gonar albasa. Ko littafi ɗaya bai haɗu ba.

Yanzu ga lokacin da na jira ya zo, ga ni zaune ba aikin komai. Nakan zura hannu a buhu in zaro ganye. Wani masani zai fara tambayar mene ne adalci, in juya in tarar ana binne Fir'auna. A majalisa ina ba da labarin ana dariya har da riƙe ciki, ƙanena ya fi kowa. In na koma gida, buhunan suna nan jingine a kusurwa, kusa da na taki.